IGI: WASAN DA TURAWA SUKA KUSHE, MU KUMA MUKA RUNGUME

Jama'a, har yanzu ina ganin masu yaɗa cewa sabon IGI na nan tafe. Ku daina jira. Tun 2019 aka sanar da IGI Origins, amma a 2023 aka rufe Antimatter Games, kamfanin Ingila da ke haɗa shi, aikin ya tsaya cak.

Ga yaran Free Fire da PUBG da ba su san zancen ba: Project IGI wasan kwamfuta ne da Innerloop Studios na ƙasar Norway ya fitar a ƙarshen 2000. Kai ne David Jones, tsohon sojan Birtaniya, kana laɓe-laɓe cikin sansanin abokan gaba kana neman makamin nukiliya da aka sace, wata Anya tana ba ka umarni ta rediyo.

Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, masu sharhin wasanni a Turai da Amurka ba su yaba masa sosai ba. Sun ce sojojin ciki dolaye ne, ka harbe ɗaya na kusa da shi yana tsaye kamar gunki. Sun ce babu damar buga shi da aboki. Babban laifinsa kuwa, ba ya ajiye inda ka kai. Ka yi rabin awa kana rarrafe, a kashe ka, sai ka koma farko. Mu nan Kura ma ba sai an kashe ka ba, NEPA ta ɗauke wuta ya wadatar.

Amma wallahi mun so shi. Dalili? Yana tashi a tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, ba ya neman intanet, faifai ɗaya ya zaga unguwa. Mai sharhi a Landan yana da wasanni birjik gabansa, mu wannan ne ya iso hannunmu.

Ni dai abin yana tuna min da shinkafarmu. Ruwan Tiga yana bin kwalbatoci ya ratsa Kadawa, Kura da Bunkure, muna noma rani da damina, amma shekara da shekaru 'yan birni suna cewa 'yar Hausa tsakuwa gare ta. Kuma gaskiya suka faɗa. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019 mutane suka dawo mata don dole, sai dai wanda ya riƙe kwastoma shi ne mai injin da ya sa na'urar tsince tsakuwa. Masu IGI ma da suka fitar da na biyu a 2003 sun saka damar ajiye wasa, don sun ji kukan jama'a. Cinikin dole ba ya daɗewa, gyara ne ke riƙe kasuwa.

Abin da ke damuna, yaranmu suna ƙona kuɗin data kullum suna yaƙin wasu a ƙasar wasu. Manhajar haɗa wasa irin Godot kyauta ce. Me zai hana wani ɗan Kura ya haɗa mana wasan manomi mai fafutukar kai ruwa gonarsa kafin a rufe kwalbati? Na farko zai zo da tsakuwa, za a kushe shi, sai ya tsince ya sake fitarwa.

Wanda ya taɓa ƙare IGI ba tare da satar hanya ba, ya faɗa mana matakin da ya fi ba shi wuya. Allah Ya yi wa matasanmu jagora.