Ƙaron Dakwara Da Tawadar Malam

A unguwar Birni ta Zinder akwai wani dattijo, malamin allo. Tun yana yaro yake haɗa tawada da hannunsa. Yakan kankare baƙin tukunya, ya jiƙa ƙaro, ya gauraya su. In babu ƙaro, rubutu yakan bushe ya kakkaɓe kamar ƙura. Ƙaro shi ke riƙe baƙi a jikin allo da takarda.

Ƙanensa makiyayi ne a wajen Gure, inda dakwara take da yawa. Kowane rani yakan aiko masa da ƙaro ƙulle cikin tsumma. A farin 1984 ciyawa ta ƙare. Sai ƙanen ya sassare dakwarar da ke kusa da shi, don awaki su ci ganye. Awaki kaɗan suka tsira, itatuwa da yawa kuma ba su tofo ba. Da shekara ta kewayo, sai da malam ya je kasuwar Dole, ya sayi abin da ya saba samu kyauta.

Daga baya wani tsohon almajirinsa, wanda ya koyi zanen hoto, ya kawo masa gaisuwa. Ya ce ko a Turai launi ba ya zama shi kaɗai. Masu zane da fentin mai sukan nemo ƙaron wani itace, mastik, daga tsibirin Kiyos na ƙasar Girka. Shi ba ya narkewa cikin ruwa kamar namu. Sukan narkar da shi, su haɗa da dafaffen mai, sai ya yi kauri kamar man shanu. Da shi fenti ke yin sulɓi da sheƙi. A Ingila an yi yayinsa tun kafin 1800. Amma waɗanda suka cika shi, hotunansu sun yi duhu, sun tsattsage.

Malam ya yi dariya, ya ce: "Ashe ciwonmu ɗaya. In ƙaro ya yi yawa, takardu su manne. In ya yi kaɗan, rubutu ya goge."

Almajiri ya ce: "Allah gafarta malam, har ƙaron dakwara suna saye. Suna sa shi cikin fentin ruwa, da alewa, da lemon kwalba. Sudan ta fi kowace ƙasa sayar da shi."

Ran nan malam ya aika wa ƙanensa saƙo. Ya ce ya bar sare dakwara. In kaka ta wuce, ya ɗan ɓare bawonta, ya jira ƴan makonni, ya tsinci ƙaro. Itacen da aka ɓare, baɗi ma zai bayar.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, saƙon nan ba na ƙanen malam ba ne shi kaɗai.