Dalilin da Ya Sa Muka Kai Yara Bakin Kwata

Tun ranar da muka fita da 'yan aji biyar domin su ga hanyar da ruwa ke bi a garin nan na Akra, iyaye da dama sun tare mu da tambaya, wai me ya hana mu kai su kabarin Nkrumah ko gidan namun daji, sai bakin kwata. To, ga amsarmu.

A cikin littafin karatunsu akwai darasin zaizayar ƙasa da ambaliya, da zanen wani tsauni da kogi irin wanda yaron Nima bai taɓa gani ba. Alhali kuwa darasin yana nan a bayan ɗakinsu, wato babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi. A nan muka fara. Mun nuna musu inda ruwa ya ƙwaƙule ƙasa har gindin wani gini ya fito fili. Muka cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa a kai, ɗaya tsirara, muka jingina su, muka kwarara musu ruwan buta. Na mai ciyawa ya sauko kusan garau, ɗayan kuwa ja wur kamar koko. Ba mu ƙara wani bayani ba, su da kansu suka faɗi inda jar ƙasar nan take zuwa.

Daga nan muka bi ruwan zuwa Sakul, inda kwatarmu take haɗuwa da kogin Odaw. Shi Odaw daga wajen tsaunukan Akwapim yake tasowa, ya ratsa Achimota da Alajo, ya faɗa tafkin Korle, sannan teku. Duk yashin da ya kwaso, da ledar ruwan sha, da bolar da ake zubawa da dare idan hadari ya haɗu, a nan suke kwanciya. Cikin kogi ya cike, saman gari kuma duk siminti da kwalta, ruwa ba shi da inda zai nutse. Idan aka yi ruwan Yuni mai ƙarfi, sai ya haura ya shiga gidajen mutane.

A wurin ne muka ba su labarin daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da mutane suka fake a wani gidan mai suna gudun ruwa, mai ya malala a kan ruwan, wuta ta kama. Mutum fiye da 150 suka rasu a daren. Allah ya ji ƙansu. Yaran da ba sa rufe baki a aji, ranar sai da muka roƙe su su yi magana.

Wata yarinya ce ta ɗaure mu da jijiyarmu. Ta ce, “Malam, mai aboboya kuɗi yake karɓa kafin ya ɗauki bola. Ranar da Umma ba ta da kuɗi, ina za mu zuba?” Mu dai ba mu yarda a ce talauci ya halatta zuba shara a kwata ba, domin wanda ke ƙasa da kai shi zai kwana a tsaye saboda ita. Amma wanda duk ya ɗora laifin a kan matan zango kaɗai bai yi adalci ba. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin gyaran yankin Odaw, kuma kwandon shara a bakin lungu ba ya cin ko ɗigon wannan kuɗi. Mun rubuta tambayar tata kamar yadda ta yi ta, yara 38 suka sa hannu, mun miƙa wa ɗan majalisar unguwa.

Iyayen da suka hana 'ya'yansu zuwa saboda tsoron ƙazanta, ba mu ga laifinsu ba, wurin da wari. Za mu sake fita a watan Maris, kafin damina ta kankama, wannan karon zuwa Alajo. Muna neman iyaye huɗu da za su raka mu.