Zara Matar Wata a Cikin Kwamfuta

Mu malaman lakwal da muka fito makarantar horon malamai, a littafi muka karanta duniyoyin da ke kewaya rana, da Faransanci muka haddace su, haka kuma muka riƙa dura wa yara. Allo da alli kawai. Rana ƙwallo, sauran ƙananan ƙwallaye a jere kamar tallar albasa a kasuwar Malanbil.

Bara ne muka samu aron kwamfuta nan Tumbutu, da wata manhaja a cikinta mai suna Stellarium, wadda wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara ƙirƙira a 2001, kuma kyauta ake samun ta. Ka gaya mata garinku da lokaci, sai ta shimfiɗa maka samaniyar wannan dare. Batirin hasken rana muka jona mata, bayan sallar isha'i yaran aji shida suka kewaye mu a kan tabarma.

Muka jawo Mushtari kusa. Ga manyan watanninta huɗu da Galileo ya hango a 1610. Muka gaggauta lokaci, sai ga Io, wanda ba ya cika kwana biyu bai kewaye ta ba, yana zagaye kamar ɗan akuya a turke. Muka mai da agogo baya zuwa 29 ga Maris 2006, yara suka ga yadda wata ya shiga tsakaninmu da rana, ranar da duhu ya rufe tsakiyar Benin da Gusau da hantsi. A lokacin ba a haifi ko ɗayansu ba.

Amma abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Da muka nuna Vénus, wata yarinya ta ce, "Mushe, wannan a ƙasar Turawa take fitowa?" Muka rufe kwamfuta, muka ce kowa ya ɗaga kai. Washegari da magariba muka nuna musu ita a yamma. Ba wanda ya san sunanta sai wani dattijo da ke wucewa, ya ce, "Kai, Malam, ai Zara ce, matar wata."

To, kunya ta kama mu. Mun san zafinta ya kai digiri 460, mun san ba ta da wata ko guda nata na kanta (matar wata ke nan, ga ta ba miji a gida!), amma ba mu taɓa haɗa Vénus ta jarrabawa da Zarar kakanninmu a gaban yara ba. Yaranmu Dandanci a kasuwa, Faransanci a aji. Hausar taurari wa zai ba su?

Yanzu duk daren da za mu kunna na'urar, sai mun gayyato Baba. Mu nuna Pléiades, shi ya ce Kaza da 'ya'yanta, ya faɗi yadda manoma ke duban ɓacewarta su san damina ta matso. Yara na rubuta suna biyu a bayan littafinsu. Zuhal mai zobe ce har yau yake musu, wai sai ya gani da idonsa.