Kwance akwatinka, aboki

Aboki, uwarka ta ce mini tun da takarda ta fito an tura ka koyarwa wani ƙauye bayan Kanan Bakashe, ka daina cin tuwo da kyau, kana neman wanda zai yi maka hanya a maido ka Maradi. Ban ga laifinka ba, don kakanka ya riga ka. Da aka kai ni lakkwal ɗin wani ƙauye a ƙasar Mayahi, shekara biyu akwatina na ɗaure a ƙarƙashin gado, ina fiddo riga ɗaya ina maida ɗaya. Mutanen garin suna ce mini mushe, wato malamin lakkwal, suna aiko mini da fura, amma ko suna ɗaya ba a taɓa gayyata ta ba. Sun ga akwatin.

Zan ba ka labarin wani mutum da ba addininmu ɗaya ba, kuma kada ka murtuke fuska. Sunansa Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, an haife shi a 1948, ya zama limamin Katolika a 1979. A cocinsu akwai wani tsari da Fafaroma Pius na 12 ya buɗe a 1957, wanda ya ba bishop damar ba da aron limaminsa ga ƙasar da ke da ƙarancin limamai. Aro ne, na 'yan shekaru. A haka ya shigo Nijar tsakiyar shekarun 1980. A 1999 aka naɗa shi mataimakin bishop a Yamai, a 2001 kuma da aka yanke Maradi daga Yamai, shi ne bishop na farko.

Kada sunan Maradi ya ruɗe ka. Abin da aka damƙa masa ya haɗa Maradi, Tawa, Damagaram, Agadas da Diffa, wato daga iyakar Najeriya har ta Libiya. Mabiyansa a wannan faɗin ƙasa 'yan tsiraru ne, da yawansu ma baƙi ne 'yan Benin da Togo da Burkina da aiki ya kawo. A nan Tasawa, da muke kan titin Maradi zuwa Damagaram, ka san sai ka yi tambaya kafin a nuna maka gidan Kirista. Mutum mai lissafin riba da ya duba ya ce kasuwar ba ta ci ba.

Shekarar 2005 kana goye. Fara ta ci gonaki a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, har mata a Urafan da Gulbin Kaba suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don a kashe ɗacinta. Cikin masu kawo agaji akwai ƙungiyar cocinsu, Caritas, kuma kusan duk yaran da aka auna wa hannu aka ba su gari 'ya'yan Musulmi ne. Wasu cikinmu sun ce dabara ce ta jan mutane. To, ni dai na ga an karɓi garin, an koma gida, an yi sallar magariba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Janairun 2015. Wata jaridar Faransa, Charlie Hebdo, ta yi zanen ɓatanci ga Fiyayyen Halitta, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Raina ya ɓaci kamar na kowa. Amma ranar Juma'a 16 ga wata aka cinna wa coci-coci wuta a Damagaram, har da makarantar mishan, washegari Yamai ta kama, aka rasa rayuka. Waɗanda aka ƙona wa ɗaki ba su san hanyar Paris ba. Abin da ya ɗan wanke mu shi ne maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Bishop Ambroise ɗin nan yana da ƙasa, yana da dangi, shekarunsa sun haura sittin da biyar. Bai tafi ba. Ya zauna aka sake gini, ya ci gaba da zama da malamai da sarakuna, har ya kai shekara 75 da dokar cocinsu ta ce bishop ya miƙa takardar ajiye aiki. Wanda ya gaje shi ma baƙo ne, Ignatius Anipu, ɗan Ghana. Kafinsu akwai Bafaranshe Hippolyte Berlier, bishop na farko a Yamai, wanda da ya sauka a 1984 ya koma Agadas cikin Buzaye, a can ya rasu.

Kai kuwa Bahaushe ne za ka cikin Hausawa, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Ran da ka sauka, fara da gidan maigari da goro a hannu, sannan liman. In aka yi rasuwa, ka je ko ba ka san mamacin ba. Ka roƙi ɗan fili ka shuka wake da damina, ko layi biyar ne, don su ga kana jiran kaka tare da su.

Kakarka ta ɗaure maka yaji da ƙuli-ƙuli. Akwatin nan nawa na da ma yana nan, in kana so, sai dai makullinsa ya lalace, ba ya rufuwa.