Riɗi Ba Ya Jiran Kowa

Basunda gari ne a kudancin jihar Gadarif, can gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da rani takan dare har mutum ya iya zura hannunsa cikin tsagin, da damina kuwa ta zama taɓo mai kama ƙafa kamar danƙo. A kanta ake noman dawa da riɗin da Gadarif ta yi suna da su, tun ma ba daga shekarun 1940 ba, sa'ad da aka shigo da noman tarakta. Cikin ƙauyukan wannan yanki akwai Hausawa. Waɗansu jikokin mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka zauna. Waɗansu kuwa kakanninsu sun biyo hijirar da aka yi bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, hijirar da ta kai ɗansa Muhammadu Bello ga kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan aka haifi wani tela, amma tun yana ɗan shekara goma aka kai shi Umdurman, can ya girma, ya koyi sana'a, ya yi aure. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum a watan Afrilu na 2023, sai ya kwance kan keken ɗinkinsa ya naɗe cikin bargo, ya kwashi matarsa da 'ya'ya uku, ya nufo gida. Kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, ya ba shi ɗaki, ya kuma yanka masa gona faddan 5. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Telan nan ya kusa shekara arba'in, ya san karatu, ya san lissafi, saboda haka ya ɗauka zaman ƙauye ba abin da za a koya wa mutum ba ne.

Kuskurensa na fari ya faru ne a daren da suka iso. Watan Mayu ne, zafi ya hana kwana a ɗaki, sai ya shimfiɗa wa iyalinsa tabarmi a gindin aduwa, a gefen gida wajen gona. Matar kawun ta kawo gidan sauro. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ina sauro da bazara?" Ita kuwa ta ji nauyin baƙo, ba ta yi gardama ba, ta mayar da abinta. Haka suka yi ta kwana har ruwa ya sauka.

Da ruwan fari ya zuba, ya sa takalminsa na birni ya nufi kasuwa. Bai yi nisa ba laka ta cire masa ƙafa ɗaya, ya tsaya yana lalube har gwiwar hannu, yara suna kallo suna ƙyalƙyala dariya. Mutanen wurin ba su fita da ɗaukewar ruwa. Sukan dakata rana ta busar da saman ƙasa, in kuwa tilas ne, su rataya takalma a wuya su taka da ƙafa. Direban da ya san ƙasar, in motarsa ta kafe, ba ya matsa mata wuta, gama taya sai ta ƙara nutsewa. Yakan rage iska, ya haƙe gaban taya, ya cusa rassa da kara, sa'an nan ya ja a hankali. In damina ta yi nisa ma, hanyoyin ƙauyuka sukan yanke, sai tarakta kaɗai ke iya ratsawa. Shi ya sa kowane magidanci yake sayen gishiri da sukari da mai da sabulu tun kafin ruwa. Telan bai yi wannan tanadi ba, kuma bai tambaya ba.

Kafin watan Agusta kuɗin da ya zo da su sun ƙare, kaya kuma sun yi tsada. Kunya ta hana shi buɗe wa kawunsa ciki, sai ya tafi wurin wani mai kanti ya ci bashin da mutanen Sudan ke kira shel. Ga yadda yake: ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi ko kayan masarufi da damina, a kan za a biya shi da amfanin gona da kaka, a farashin da aka yanke tun ranar, wanda kusan kullum yana ƙasa da na kasuwa. Wato mutum ya sayar da riɗinsa da araha tun bai yi fure ba. Da kawun ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, dawa tana cikin rumbu. Da ka yi magana."

Daga ranar nan telan ya fara sauke kai. Ya riƙa bin tsohon gona yana tambaya, tsohon kuwa ya koya masa halin riɗi. Riɗi yakan yi wata uku ko fiye da haka kaɗan kafin ya nuna. Sa'ad da ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara kakkaɓewa, kwanson da ke ƙasa kuma ya canja launi, to lauje ya kama. Ba a bari ya bushe a tsaye, domin kwanson yakan tsage da kansa ya zubar da ƙwayar, kuma abin da ya faɗa cikin tsagin baƙar ƙasa ya tafi ke nan. Ana yanka shi da sauran ɗanye, a ɗaure dami-dami, a jingina su da juna kai sama, su yi kamar mako biyu suna shan rana. Sa'an nan a shimfiɗa tamfol, a juya dami kai ƙasa, a bubbuga da sanda. Kwanakin yanka kaɗan ne, kuma gonakin kowa kusan tare suke nuna, shi ya sa lebura yake tsada, har 'yan ƙwadago suke ƙetarowa daga Habasha domin wannan aiki.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen Satumba, 'yarsa mai shekara shida ta kwanta da zazzaɓi. Ya sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kanti, ta shanye, jiki bai sauka ba. Ya sake sayo wani. Mako uku suka wuce, yarinya tana ramewa, ba ta cin abinci, ciki kuwa yana tasowa. Wata safiya matar kawun ta kwantar da ita, ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu, ta ji saifa ta kumbura. Ta ɗaga kai ta ce, "Wannan kalazar ne. Ba na kanti ba ne."

Kalazar ciwo ne da Gadarif ta daɗe tana fama da shi. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike, wanda bai kai sauro ba, yake ɗaukar cutar. Yana son baƙar ƙasa mai tsagi da wuraren da aduwa da dumshe suka yi yawa, yana cizo da dare, ya fi yawa kuma da bazara, daidai lokacin da zafi yake korar mutane su kwana waje. Ciwon ba ya bayyana nan take, sai bayan watanni. Alamarsa zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai ji maganin cizon sauro ba, da rama, da kumburin saifa. In ba a yi magani ba, kusan kullum yakan kashe, amma in an je asibiti da wuri ana warkewa. Da telan ya ji wannan, sai ya tuna da gindin aduwa, ya tuna da gidan sauron da aka mayar.

A makon nan kuma ganyen riɗinsa ya yi rawaya. Ga bashin mai kanti yana jira, ga yarinya, ga shi ba kuɗin lebura. Da magariba ya je ya durƙusa gaban kawunsa ya ce, "Kawu, ban san yadda zan yi ba." Tsohon ya ce, "Riɗi ana shuka wani baɗi. Ɗauki yarinya ka tafi, ka bar mini gona." Da asuba aka sa su a bayan wata tarakta mai fita. A asibiti aka ɗebi jini a yatsa, gwaji ya tabbatar, aka fara yi mata allurai kowace rana har kwana 17. Allurar tana da zafi, uban ne yake riƙe ta.

Can gida kuwa kawun ya kira gayya, wadda Larabawan Sudan ke ce wa nafir. Amma kowa yana da tasa gonar da ta nuna, saboda haka ba su samu zuwa ba sai bayan 'yan kwanaki, kuma kafin nan gefen gonar da ya riga nuna ya zube. Abin da ya rage suka yanka suka jingina. Da telan ya komo da 'yarsa tana tafiya da ƙafarta, ya tarar da dammuna a tsaye. Ya kakkaɓe, mai kanti ya zo ya auni nasa, abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Dawar kawu ce ta fitar da su shekarar.

Mai karatu zai lura cewa ba wani abu mai zurfi ne ya kā da mutumin nan ba. Abubuwa ne da kowace tsohuwa a ƙauyen ta sani. Girman kai ya hana shi tambaya, kunya kuma ta hana masu sani su nace. Matar kawun da kanta ta ce da ta sani da ta ɗaura gidan sauron nan ko yana so ko ba ya so. Matambayi ba ya ɓata, haka ne, amma wanda ya ga baƙo zai faɗa rami shi ma hakki ne a kansa ya ɗaga murya.

Bayan kaka telan ya harhaɗa kekensa a bakin zaure. Riguna ba su da kasuwa sosai, sai ya kama facin tamfol da buhuna, da ɗinke gidajen sauron da suka yage, yana gaya wa masu su cewa ƙwaron kalazar ƙaramar kafa ta ishe shi. Da bazara ta zagayo, zafi ya sake korar mutane waje, shi ne ya fara kafa sanduna a tsakar gida, nesa da aduwa, ya ɗaura wa yara gidan sauro tun kafin rana ta faɗi.