Imuraren da Arlit: Ƙasar da Ba a Wasa da Reshe

Matafiyin da ya bar Agadas ya nufi arewa bisa hanyar nan da ake kira hanyar iraniyom, wadda aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, yana da tafiyar kilomita wajen 240 a gabansa. Duwatsun Abzin na hannunsa na dama, a hagu kuwa fili ne fetal har iyakar ganin ido. Tun bai yi nisa ba zai lura da abu guda: a nan ana iya ƙidaya itatuwa. A kudu mutum kan ce daji ya wuce. A nan kowane icce da kansa yake tsaye, kuma direbobi da makiyaya sun san shi kamar yadda ake sanin gidan mutum a cikin unguwa. Ruwan saman da ke sauka a Arlit cikin shekara bai kai milimita 100 ba, wata shekarar ma ta ƙare ba a ga abin kirki ba. Don haka itatuwan suka taru a bakin ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsu, inda laima ke ɓoye ƙarƙashin rairayi.

Akwai kandili, wanda Abzinawa ke kira afagag, mai kai a baje kamar rumfa. Akwai aduwa, da jiga, da bagaruwa, sannan goriba a cikin kwaruruka masu ruwa. In rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, ganyensu da ƴaƴansu su ne abincin raƙumi da akuya. A inuwarsu ake sauka, a nan ake dafa shayi, a nan ake raba gardama.

Kafin a kai Imuraren ana wucewa kusa da Dabus, inda mutanen da suka rayu dubban shekaru kafinmu suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya zarce mita 5. Raƙumin dawa ba ya zama inda babu dogayen itatuwa. Dutsen Dabus kenan shaida ne cewa wannan fili ya taɓa zama daji mai itatuwa, kuma itatuwan da muke gani yau ragowar gado ne. Mun kuma san yadda irin wannan gado ke salwanta. Iccen Tenere, da ya yi zamani shi kaɗai a tsakiyar hamada da saiwarsa can ƙasa fiye da mita 30, wani direba ne ya banke shi a 1973. Gawarsa na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinsa kuwa an kafa iccen ƙarfe wanda ba ya ba kowa inuwa.

Imuraren, arzikin da ke jira

Imuraren na kilomita wajen 160 arewa da Agadas, 80 kudu da Arlit. A 1966 aka gano ƙarfen iraniyom a ƙarƙashinsa, kuma an ƙiyasta shi wajen tan 200,000, abin da ya sa wurin cikin manyan ma'adinan duniya. Kamfanin Areva na Faransa ya sami lasisin haƙa a farkon 2009, shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin farko ranar 4 ga Mayu na wannan shekara, da burin fitar da tan 5,000 kowace shekara. An kawo manyan injuna, an share fili, an fara yaye ƙasa. Sai farashi ya faɗi bayan haɗarin Fukushima na Japan a 2011, aikin ya tsaya tun daga 2014. A watan Yuni 2024 hukumomin ƙasarmu suka janye lasisin daga hannun Orano, magajin Areva.

Ko ba daɗe ko ba jima wani zai koma ya buɗe wannan rami. Ranar da ya koma, za a sake ja hanyoyi, a kafa turakun lantarki, a gina gidajen ma'aikata, kuma dubban bakuna za su nemi iccen girki. Iraniyom ya yi shekaru miliyoyi yana kwance, jira ba ya rage shi. Kandilin da ke bakin ƙorama shi ne ba ya iya jira: inji na tuge shi cikin minti guda, alhali wanda ya shuka madadinsa ba lalle ya zauna inuwarsa ba. Shi ya sa, tun kafin aiki ya tashi, ya kamata a ƙidaya manyan itatuwan yankin, a sa su cikin taswira, a rubuta cikin takardar sharuɗɗan kwangila cewa hanya ce za ta kauce wa icce. A kuma tuna saiwa na bazuwa nesa da iyakar rassa. Babbar mota in ta yi ta daddaɓe ƙasar gindin icce, ko aka datse saiwoyi wajen gina lambatu, iccen na iya mutuwa bayan shekaru ba tare da gatari ya taɓa shi ba.

Arlit da Akokan, inuwar da aka shuka

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa. An kafa Somaïr a 1968, ya fara fitar da ƙarfe a 1971. Cominak, da aka kafa a 1974, ya haifi Akokan. Ƙidayar 2012 ta sami mutum wajen 80,000 a Arlit. Kusan duk koren da ke cikin garuruwan biyu hannu ne ya dasa shi: bedi, da turare, da iccen ƙayar nan baƙo da ake kira prozopis. Ruwan da ya rayar da su daga ƙarƙashin ƙasa aka jawo shi, tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da ƙasar ke da damina, wanda ruwan saman yau ba ya mayar da gurbinsa. Kowane bedin da ke ƙofar ofis ko bakin kasuwa, jari ne na shekaru da ruwa mai tsada.

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. An yi magana mai yawa kan makomar ma'aikata, da asibiti, da tarin sharar ma'adini. Maganar da ba a cika ji ba ita ce: itatuwan nan da suka girma, wa zai ba su ruwa, wa zai yi musu aski?

Domin yadda muke aske icce a garuruwanmu, daga Arlit har Gaya, abin dubawa ne. Reshe ya taɓa waya ko ya sauka bisa kwano, sai a kira yaro mai adda. Ya hau ba igiya, ba takalmi, ya sare duk abin da hannunsa ya kai, ya bar iccen ƙwal kamar turke. In toho ya fito bayan wata biyu sai a ce ai ga shi ya ƙara kyau. Nan kuskuren yake. Tohon da ke fitowa a bakin irin wannan sara a fatar icce kawai yake maƙale, ba shi da tushe a cikin gangar jiki. Yana girma da sauri, ƙarƙashinsa kuma ruɓa na ci. Bayan ƴan shekaru shi ne reshen da iskar farkon damina ke ɓallewa bisa rumfar ɗan kasuwa ko filin lakwal.

Ilimin yanka

A ƙasashen Turai da Amurka gyaran icce sana'a ce da ake koyo. A Faransa har takardar shaida ta musamman ake ba mai hawa icce ya gyara shi. Mu ce masa wanzamin icce, domin kamar wanzami, ƙwarewarsa ita ce sanin inda ake yanka da inda ba a taɓawa. Wani masani Ba'amurke, Alex Shigo, ya tsaga dubban itatuwa ya duba cikinsu, ya kuma nuna a shekarun 1970 da 1980 cewa icce ba ya warkar da rauni irin na mutum. Katange wurin yake yi, ya gina sabon nama a kewaye. Ƙarfin wannan katanga na cikin ɗan kumburin da ke mahaɗar reshe da gangar jiki, wato wuyan reshe. Wanda ya sare wuyan ya buɗe wa gara da ruɓa ƙofa; wanda ya bar dogon guntu shi ma haka.

Don haka babban reshe sau uku ake yanka shi. Na farko daga ƙasa, kamar taki ɗaya ko biyu daga gangar jiki, a shiga kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan, har reshen ya faɗi ba tare da ya saluɓe ɓawo ba. Na uku a cire guntun da ya rage, daidai bakin wuyan. Ba a shafa baƙin mai ko fenti, domin ba sa hana ruɓa. Ba a kwashe fiye da rubu'in ganyen icce a lokaci guda. A ƙasa mai zafi irin tamu kuma lokacin ɗari ya fi dacewa, kada a tone jikin icce ga ranar bazara sa'ad da shi da mutane suka fi bukatar inuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ilimin baƙi ne kawai. Makiyayin Abzin da doguwar sanda mai ƙugiya yake girgizo ƴaƴan kandili, reshen na nan don baɗi, kuma sare ɗanyen icce abin kunya ne a wurinsu. Ana ba da labarin hukunci mai tsanani da sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka sa kan mai sare gawo. A jahar Maraɗi, tun 1983, manoma tare da wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, suka raya sassaben zamani: a zaɓi toho mafi ƙarfi a kututture, a rage sauran da ƙarfe mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wannan shi ne yankan farko na wanzamin Turai. An ƙiyasta cewa ta haka hekta wajen miliyan 5 suka farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Doka ma ta biyo baya: dokar gandun daji ta 8 ga Yuni 2004, sannan dokar Yuli 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙi kan iccen da ya raya a gonarsa.

Ran mai hawa, da masu zama a sama

Babu garin da ya san ƙa'idar kare kai a wurin aiki kamar garin ma'adini, inda ba a shiga rami sai da hular kwano da takalmi mai ƙarfe. Amma ƙa'idar a ƙofar kamfani take tsayawa. Ga abin da sana'ar icce ta shar'anta. Ba a hawa mutum ɗaya, sai da na ƙasa mai lura da shi da masu wucewa. Mai hawa na da ɗamara da igiya, kuma lokacin yanka a wuri biyu yake ɗaure. Reshe mai nauyi da igiya ake sauke shi. Ba a riƙe zarton inji bisa tsani. Ba a hawa ranar iska. In akwai waya kusa, sai ma'aikatan Nigelec sun yanke wuta, domin ɗanyen reshe na jan lantarki. Kafin komai kuma a ɗaga kai a duba: ko akwai zuma, ko rina, ko reshen da ya karye yana rataye.

Wannan dubawa ba don mutum kaɗai ba ce. A hamada icce gari ne mai hawa-hawa. Ungulu na sheƙa a ƙolin kandili, mujiya da jemage na cikin kogo, barewa na kwana a gindi tana cin ƴaƴan da suka zubo. Ƙananan tsuntsayen da ke ƙetara Sahara daga Turai da kaka, su koma da bazara, a irin waɗannan itatuwa suke yada zango su ci ƙwari. Gandun Abzin da Tenere, da aka keɓe a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, kuma dabbobinsa da waɗannan ƴan itatuwa suka dogara. Saboda haka in an tarar da sheƙa mai ƙwai, a ɗage aiki har ƴaƴan su tashi. Tsohon icce mai kogo, in ba ya barazana ga gida ko hanya, a rage masa nauyi a bar shi tsaye. Rassan da aka cire kuwa su isa murhu, su rage yawan motocin da ke shiga kwarurukan Abzin neman iccen girki, tare da iskar gaz da gawayin dutse na Anu Araren.

Ya ku ƴan kasuwa da ma'aikata, wannan magana a hannunku take, domin ku ke ba da aikin, ku ke biya. Magajin gari da ma'aikatan gandun daji na iya buɗe rajistar masu gyaran icce, a horar da su, a sa sharaɗin igiya da hula cikin kowace kwangila. Tsofaffin ma'aikatan ma'adini, da suka yi shekaru suna aiki da ƙa'ida, su ne suka fi cancanta su zama malaman wannan sana'a. Ɗan kasuwar da ke kawo adda da gatari, ya haɗa da zarton hannu da ɗamara. Shugaban ofis ko darektan lakwal, kafin ya ce a sare, ya tambaya: wane reshe, don me, wa zai hau?

Tun 1975 kowace ranar 3 ga Agusta muna dasa itatuwa, mu ɗauki hoto, mu watse. Dashe ranar guda ce, reno shekaru ne. An daɗe ana cewa arzikin arewa inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Inuwar bedi da kandili kuwa ta mazauna wurin ce, ba a loda ta a mota. Allah ya ba mu ikon riƙon amanarta, amin.