Yini Guda A Central Park Bayan Saukar Dusar Ƙanƙara



Ƙanƙarar da muka sani ita ce mai saukowa da ruwan farkon damina kamar tsakuwa, ta buga kwanon ɗaki, kafin yara su gama tsinta ta narke. Dusar ƙanƙara ba haka take ba. Saukowa take a hankali kamar auduga, ba ƙara, ta taru ta binne mota. A ranakun 22 da 23 ga Janairun 2016 an auna inci 27.5, wato kusan santimita 70, a Central Park na birnin New York a Amurka. Tun da aka fara ajiye lissafin yanayi a wurin a 1869 ba a taɓa samun saukar da ta kai wannan ba. Allah Ya nufa ina garin a lokacin, shi ne na ce bari in ba ku labarin abin da idona ya gani.

Ranar Asabar hukuma ta hana motoci zirga-zirga tun daga ƙarfe 2:30 na rana, ba a ɗage dokar ba sai ƙarfe 7 na safiyar Lahadi. Da gari ya waye rana ta fito tas. Mai masaukina, wani dattijo Bahaushen Ghana da ya daɗe yana tuƙin tasi a can, ya ce mini, "Malam, yau ba aiki, motata tana ƙarƙashin ƙanƙara. Tashi mu je ka ga abin da za ka ba jikokinka labari." Na ce, "To Alhaji, bismilla." Ya ba ni takalmi mai tsawo da safar hannu, ya sa na jera riguna uku, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka sauka a Titi na 110, ƙofar lambun ta arewa, gefen unguwar Harlem.

Lambun ba ƙarami ba ne. Tsawonsa kilomita 4, faɗinsa kusan mita 800, ga shi a tsakiyar Manhattan inda kowane taku na fili yake da tsadar zinariya. Muka ɗauki niyyar ratsa shi da ƙafa daga arewa zuwa kudu.

Abin da ya fara kama ni shi ne shiru. Garin da jiniya da hon ba sa yankewa, ranar sai ƙarar takunmu kawai nake ji, ƙurus-ƙurus. Dalili kuwa, sabuwar dusa cike take da iska a tsakanin ƙwayoyinta, shi ya sa take shanye sauti. Inda ba a share ba, ƙafa takan nutse har gwiwa, taku hamsin sai ka ji kana haki kamar wanda ya yi noma. Zufa na keto maka a baya, hancinka kuma ya daskare. Hasken rana da ke dawowa daga farin ƙasa har hawaye yake sa mutum. Kujerun zama sun ɓace, sai dai ka ga tudu-tudu a jere ka gane nan suke.

Mun wuce babban tafkin da ke tsakiya, muka karkata yamma. Wajen Titi na 85 Alhaji ya tsaya ya nuna mini wani fili fari fat, ba komai sai itatuwa da duwatsu. Ya ce, "Nan gari ne a da." Sunansa Seneca Village. Baƙaƙen fata ne suka fara sayen filaye a wurin a 1825, suka gina gidaje da coci uku da makaranta, daga baya wasu 'yan Ailan suka zauna tare da su. Mutanen sun kai kimanin 225. A wancan zamani, baƙar fata a jihar New York ba ya jefa ƙuri'a sai ya mallaki kadarar dala 250, don haka gidajen nan ba wurin kwana kaɗai ba ne, su ne 'yancinsu. A 1857 hukuma ta tashe su domin a yi lambun shaƙatawa, aka biya masu filaye diyya, aka rushe komai, jama'ar suka watse. A 1858 Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka ci gasar zana lambun. Da masu binciken tarihi suka haƙa wurin a 2011, cikin abin da suka tono har da takalmin ƙaramin yaro.

Na daɗe a tsaye a nan. Duk wanda ya taɓa zama a garin da ba na kakanninsa ba, ya gina rumfa ko gida da guminsa, ya san abin da kalmar "tashi" take nufi. Dusar ta lulluɓe wurin ta yi masa kyau, kamar yadda lambun kansa ya lulluɓe labarin mutanen sama da shekara ɗari.

Daga nan muka hau Belvedere, wani ɗan gini mai kama da fadar sarakunan Turai a kan dutse, inda na'urorin auna yanayi suke. Can gabas, a tudun Cedar Hill, yara da iyayensu sun cika wuri suna sulɓi. Mai abin sulɓi na kanti da mai murfin bola da mai kwali duk layi ɗaya suke bi, ba wanda ya biya ko sisi. Muka gangara ta gadar Bow zuwa maɓuɓɓugar Bethesda, sannan muka bi doguwar hanyar nan mai manyan itatuwa dama da hagu, rassansu sun yi nauyi da fari, har muka ɓulla Titi na 59. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya a ranar da ƙasa take a bushe ta ci mana fiye da awa uku.

A bakin ƙofa ne na ga ɗaya fuskar al'amarin. Masu kai abinci gida-gida suna tura kekunansu cikin caɓi, ma'aikata suna watsa gishiri a kan hanya domin ya narkar da ƙanƙara, masu shaguna suna kwasa da shebur saboda doka ta ɗora wa kowane mai gini share gabansa. Abin da ya zama wasa ga wasu, ga wasu wahala ce. A wannan guguwar an yi asarar rayuka: wasu zuciyarsu ce ta buga suna cikin kwasa, wasu kuma hayaƙi ne ya kashe su a cikin mota, domin dusa ta toshe salansa alhali inji na aiki.

Saboda haka wanda Allah Ya kai shi irin waɗannan ƙasashe a lokacin sanyi, ko yake da ɗa mai karatu a can, ga abin da zan ce. Riguna marasa kauri guda uku sun fi ƙatuwa guda ɗaya riƙe ɗumi. A rufe kai da kunne da yatsu, kada a bar safa ta jiƙe. Kada a taka kan tafkin da ya daskare komai kyansa. Kafin a tayar da mota a share bayanta. Dattijo kuma ya bar wa matasa shebur. Idan an kiyaye waɗannan, to a fita a gani, kada a ƙule a ɗaki, kuma a tambayi mutanen gari tarihin ƙasar da ake takawa.

Allah Ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, Ya dawo mana da su lafiya.